Yashin kuza da cutar daji a Jos

Tun farkon shekarun 1900 Turawa suka fara haƙar kuza a tsaunukan Jos. Kamfanonin sun tafi, amma daga Bukuru zuwa Barikin Ladi kududdufai da tulin yashin wankin kuza suna nan.

Yashin nan ba na rafi ba ne. Yana ɗauke da ma'adanin monazait, wanda ke ƙunshe da toriyum da yuraniyum, masu fitar da tururin da ido ba ya gani, wanda kan lalata ƙwayoyin jiki sannu a hankali. Duk da haka akan kwashe shi a yi bulo da yaɓe, saboda arha. Wanda ya kwana shekara da shekaru a irin wannan ɗaki, yana shaƙar iskar radon da ke fita daga yashin, mai haddasa dajin huhu, musamman ga mashayin taba.

Sai dai kada a ɗora wa kuza komai. Gyada da masarar da suka yi funfuna, giya, da ciwon hanta nau'in B, alal misali, suna cikin abubuwan da ke share wa dajin hanta hanya.

Magina, a bar yashin kuza inda yake.