Masallacin Larabanga: Yadda Siminti Ya Kusa Kashe Ginin Ƙasa

A ƙasar Gonja, wadda fataken Hausa suka daɗe da sani saboda goro, akwai wani ƙaramin gari mai suna Larabanga, kusa da Damongo da gandun dajin Mole a arewacin Ghana. A nan ne wani masallacin ƙasa yake tsaye, wanda ake lissafa shi cikin mafi daɗewa a Afirka ta Yamma.

Mutanen garin suna cewa a shekarar 1421 wani falke mai suna Ayuba ya yada zango a wurin, ya yi mafarki an umarce shi da ya gina masallaci. Da gari ya waye sai ya tarar da harsashi a shimfiɗe, shi kuwa ya ɗora gini a kai. Masallacin bai da girma, tsawonsa da faɗinsa kowanne wajen mita 8 ne. Yana da hasumiya biyu masu tsini, an shafe shi da farar ƙasa, ga itatuwa sun leƙo daga jikin bango. Waɗannan itatuwa su ne matakalar magina: a kansu ake tsayawa a yi yaɓe idan damina ta zaizaye bangon. Wata tsohuwar kuka tana tsaye kusa da masallacin, a cikinsa kuma ana adana wani tsohon Alƙur'ani da jama'ar garin ke girmamawa ƙwarai.

Ɗaruruwan shekaru ruwa da rana ba su kayar da shi ba, domin duk lokacin da bango ya nemi hannu, jama'a sukan fito su kwaɓa ƙasa su yaɓe. Masifar ta zo ne da kyakkyawar niyya. A shekarun 1970 aka shafe bangon da siminti da yashi, da tunanin an huta da gyaran kowace shekara. Ashe bangon ƙasa numfashi yake yi. Yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani. Da siminti ya toshe shi, danshi ya maƙale a ciki, katako ya ruɓe, gara ta samu gida. Daga waje masallaci fes, ciki kuwa yana cinyewa. Daga baya ruwa da iska mai ƙarfi suka rushe wani sashe na hasumiyarsa.

A 2002 Asusun Kula da Gine-ginen Tarihi na Duniya ya sanya Larabanga cikin jerin wuraren da ke fuskantar barazanar rushewa. Da tallafin kamfanin American Express da haɗin gwiwar hukumar kula da kayan tarihi ta Ghana, aka fara aiki. Maganin shi ne komawa ga na iyaye da kakanni. Aka ɓamɓare simintin kakaf, aka canja ruɓaɓɓun itatuwa, aka sake gina abin da ya faɗi, maginan gari suka mayar da yaɓen ƙasa irin na da.

Yau ana salla a cikinsa, baƙi kuma suna zuwa daga nesa su gan shi. Duk garin da ke da tsohon masallaci ko soro na ƙasa, ya nemi magininsa na gargajiya kafin ya sayi buhun siminti.