Taka Totur Yana Wanke Inji? Ya Danganta da Motar

A garejin Jimeta, in ka kai mota tana rawa a sulo ko tana jan ƙafa, sau da yawa abin da za ka ji shi ne, "Alhaji, kabon ne. Hau hanyar Numan ka buɗe mata wuta." Maganar ta daɗe domin akwai gaskiya a cikinta.

Motar da kullum aikinta daga gida zuwa kasuwar Jimeta, tana bin bayan Keke Napep a giya ta biyu, injinta ba ya daɗewa cikin cikakken zafi. Filogi ya yi baƙi ƙirin, danshi da fetur su gauraya da baƙin mai. Doguwar tafiya tana ƙone wannan dattin mai laushi. Amma daɗewar injin da zafi ce ke aikin, ba gudun ganganci ba. Tafiya daidai wa daida zuwa Numan ta wadatar.

A sababbin injuna ne maganar ta karye. Tsohuwar Corolla da Camry, nozul ɗinsu yana fesa fetur a bayan bawul ɗin shigar iska, kullum yana wanke shi. Su kuwa irin Hyundai Sonata daga 2011, da Honda Accord mai silinda huɗu daga 2013, kai tsaye suke fesawa cikin silinda. Fetur ba ya taɓa bayan bawul. Tururin baƙin mai da injin ke maidowa ta bututun iska sai ya manne a wurin, ya daskare kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ko ka taka har Gombe, ba zai fita ba. Maganin da ake zubawa a tanki ma ba ya isa can. Sai bakanike ya kwance ya kankare. Toyota kuwa ta haɗa nozul iri biyun a Camry ta 2018.

Abin da ke damuna shi ne mutumin da zai ɗauki shawarar buɗe wa mota wuta a watan Afrilu, zafin Yola ya haura digiri 40, lagireto ta tsufa, ga tireloli, ga shanu suna tsallaka titi. Wanda yake son rage kabon, ya riƙa sauya baƙin mai a kan lokaci da mai kyau, ya duba matacin iska in hunturu ya kawo ƙura, ya yi hattara da fetur ɗin 'yan bumburutu, ya kuma tambayi bakanike irin nozul ɗin motarsa.