Hawan Keke a Hanyoyin Burji na Jimeta: Yanayi Ne Ke Zaɓa wa Mahayi Hanya

Daga unguwar Bekaji da ke Jimeta, a Jihar Adamawa, mai keke ba ya yin nisa kafin kwalta ta ƙare, ya faɗa hanyoyin burji da manoma da masunta suka daɗe suna bi.

Ɗaya daga cikinsu ita ce ta Tafkin Geriyo, a gefen Kogin Binuwai, inda ake noman rani. Mahayi zai ratsa gonakin shinkafa da masara da kayan lambu. Mai son doguwar tafiya kuwa yana iya tsallaka gadar Jimeta zuwa karkarar Girei, inda ƙauyuka da rugage ke warwatse a tsakanin itatuwa.

Sai dai ba kowane lokaci ne waɗannan hanyoyi ke biyuwa ba. Da damina ƙasar fadama kan zama taɓo mai riƙe taya, kogin kuma kan cika ya shafe hanyoyin, musamman idan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da sanyin safiya.

Ana bukatar keke mai kaurin taya, da isasshen ruwan sha, da famfo da kayan faci saboda ƙaya. Tafiya a ayari ta fi aminci. Wajibi ne kuma mahayi ya kauce wa shukar manoma, ya bai wa garken shanu hanya.