Alƙaluman makarantar ɗanka: darasi daga Doha

A 2001 gwamnatin Katar ta gayyato cibiyar bincike ta RAND daga Amurka don ta duba mata makarantunta. Ƙasar da ke kwance a kan iskar gas ba ta kukan kuɗi, amma karatun yaranta bai taka kara ya karya ba. Ma'aikatar ilimi da ke Doha ke yanke komai daga sama, hadda ta yi yawa a aji, kuma uba ba shi da wani ma'auni da zai nuna masa ko makarantar ɗansa tana koyarwa ko zaman dirshan kawai ake yi.

Sai aka ɗaura ɗamarar gyara. A 2002 aka kafa Majalisar Ƙoli ta Ilimi, a ƙarƙashinta kuma aka buɗe wata cibiya wadda aikinta auna makarantu. A 2004 aka fara buɗe makarantu masu cin gashin kansu, guda 12 a tashin farko, gwamnati na biyan kuɗi, masu gudanarwa na tafiyar da su. Aka shigo da jarrabawar ƙasa a Larabci da Turanci da lissafi da kimiyya, aka riƙa raba takardun tambayoyi ga ɗalibai da iyaye da malamai da shugabannin makarantu. Daga cikin wannan tarin bayani ake fitar wa kowace makaranta takardar sakamakonta, kamar yadda ake ba yaro a ƙarshen zango, don iyaye su duba su zaɓi inda za su kai 'ya'yansu.

Alƙaluman farko ba su yi daɗin ji ba. A jarrabawar PISA ta 2006, wadda ake yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama, Katar ta samu maki 318 a lissafi, ƙasa ɗaya ce tak a bayanta. Abin yabo shi ne ba su ɓoye ba, ba su kuma fice daga jarrabawar don gudun kunya ba. A ta 2022 makinsu na lissafi ya kai 414. Har yanzu da sauran tafiya, amma sun san inda suke.

Sai dai akwai wani ɓangare na labarin da ya fi shafar mu. An tara bayanai jibgi, amma manyan shawarwari sun ci gaba da saukowa daga sama, cikin gaggawa. An mayar da koyar da lissafi da kimiyya zuwa harshen Turanci alhali malamai da yawa ba su shirya ba. Iyaye suka yi ta ƙorafi cewa yaro ya rasa Larabcinsa, Turancin ma bai zauna ba. A 2012 aka koma Larabci, a 2016 aka rushe Majalisar Ƙolin aka maye gurbinta da ma'aikata, daga baya makarantun masu cin gashin kai suka koma hannun gwamnati kai tsaye. A ganina, an tambayi iyaye da malamai a kan takarda, amma ba a zauna da su an karanta amsoshin tare ba tun da wuri, shi ya sa abin da suke gani kullum ya ɗauki shekaru kafin ya isa teburin masu yanke hukunci.

To mu fa? Ba mu da kuɗin Katar, amma alƙaluman da suka fi amfani suna nan a hannunmu. Ka leƙa ofishin hedimasta a kowace firamare ta gwamnati a Kano ko Katsina, galibi za ka ga allo a bango, an ja layuka da alli: aji ɗaya zuwa aji shida, maza a gefe, mata a gefe, jimla a ƙasa. A kan tebur ga rajistar kiran suna, bangonta ya sha hannu, kowace safiya malami na yi mata alama. Duk shekara kuma ana cike takardun ƙidayar makarantu a tura ofishin sakataren ilimi, daga nan zuwa jiha. Yaushe rabon da wani uba ya ce, “Malam, a buɗe mana rajistar nan mu gani”?

Ga abin da za a iya gani in an buɗe. A ce mata sun cika aji uku maƙil, amma a aji shida sun ragu sosai. Hedimasta ya san lambar, dalilin kuwa yana wajen wasu. Uwa ce za ta ce makarantar ba ta da makewayi mai ƙofa, yarinyar da ta fara girma ba za ta yini a can ba. Mai unguwa ne zai lura cewa fashin ya fi yawa ranar kasuwa, saboda talla. Manomi zai ce duba watannin shuka da girbi. Liman zai faɗi lokacin da yara ke tashi daga makarantar allo da safe, wataƙila a gane cewa makarar da ake dukan yara a kanta ta samo asali ne daga karon lokutan biyu. Kowane dalili da maganinsa, kuma wasu ba sa bukatar ko sisi daga Abuja. Wurin wannan zama yana nan: kwamitin kula da makaranta da ake kira SBMC a Najeriya, CGDES (COGES a da) a Nijar. A wurare da yawa sunansa kawai ake ji, sai an zo rabon wani abu ake tuna shi.

A yi hattara da ƙarya a lamba. Inda aka ji ana raba littattafai ko abincin ɗalibai bisa yawan yara, sai sunayen bogi su tsiro a rajista. Wanda ya ƙara ɗalibai ɗari na ƙarya ya ɗauka dabara ya yi, alhali ya janye kujeru da malamai daga ƙauyen da yaransa ke zaune a ƙasa. Haka wanda ya ɓoye 'ya'yansa ranar ƙidaya don zargin wata manufa, unguwarsa ya cire daga lissafin sabon aji. Ko yawan yaran da ba sa zuwa makaranta a Najeriya bakin masana bai zo ɗaya ba: an daɗe ana ambaton miliyan 10.5, sai UNESCO ta ce kusan miliyan 20 a 2022, saboda ta haɗa da 'yan sakandare. Masu tallafi da irin waɗannan alƙaluma suke aiki. Shirin Educate A Child, wanda Sheikha Moza bint Nasser ta ƙaddamar a Doha a 2012, ya yi aiki da UNICEF a Kebbi da Zamfara, kuma yaran da aka ƙirga ne ake tsara wa taimako.

Sannan bayanin yaro amana ne. A taron kwamiti jimla ake tattaunawa: aji nawa, kashi nawa, wane wata. Ba a karanta sunan ɗan wane a bainar jama'a a ce shi ne na ƙarshe, ba a kuma ɗaukar hoton rajista a watsa a WhatsApp. In baƙo ya zo da takarda yana neman sunayen yara da lambobin wayar iyayensu, a tambaye shi wa ya aiko shi, a ga takardar izini daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, a kuma ce masa in ya gama haɗa sakamakon, kwamiti na son kwafi ɗaya.