Ƙwayoyin cikin tumbin saniya da makomar bawon rogonmu

Duk wanda ya tashi a kara ya san saniya tana cin abin da cikin ɗan Adam ba zai ɗauka ba. Karan masara, ƙaiƙayi, bawon rogo, duk ta haɗiye, ta kwanta tana tuƙa, bayan 'yan makonni ka ga ta murje. Da can ni ma na ɗauka ƙarfin cikinta ne. Ashe ma'aikata gare ta: ƙwayoyin bakteriya ne maƙil a tumbinta, su ke ruɓar da abincin inda iska ba ta shiga, su mayar da shi abin da jikinta zai sha.

Masu bincike sun ɗauki wannan aikin sun kai shi masana'anta. A Amurka an zaƙulo wata ƙwaya daga tumbin saniya, Actinobacillus succinogenes, wadda in ta ci sukari take fitar da sinadarin da ake kira sasinik asid. Kamfanin BASF na Jamus ma ya samo tasa daga tumbi. Da wannan sinadari ake yin leda mai ruɓewa a ƙasa, ana kuma sa shi a magunguna da kayan abinci. Yawancinsa daga man fetur aka saba yi.

Yadda ake yi kuwa, kamar tuƙa ne. A niƙe tarkacen gona, a dafa shi da tururi ko ruwan asid mara ƙarfi don ya saki jiki, a zuba sinadaran da za su warware shi ya koma sukari. Sai a juye a babban tanki a rufe, a riƙe zafinsa wajen digiri 37, kusan ɗumin cikin dabba, a saki ƙwayoyin. Tace sinadarin daga ruwan shi ne mai cin kuɗi, shi ya sa har yau na fetur ke kayar da shi a farashi. Wani kamfanin da ya gina masana'antarsa a Kanada, BioAmber, ya durƙushe a 2018, alhali da sukarin masara ma yake aiki, ba tarkace ba.

Abin da ya sa na damu shi ne bawon rogo. Najeriya ta fi kowace ƙasa noman rogo, kuma nan Ibadan, in shanu suka sauka a Akinyele a rame bayan doguwar tafiya, da shi Baba ke tayar da su kafin a kai su gaban mahauta. Yana yawan ba mu labarin lokacin da masu gari ke roƙon a zo a kwashe musu. Yanzu da buhu ake aunawa, masu aladu da masu awaki na layi. Bawon rogo kuma akwai ragowar sitaci a jikinsa, ya fi kara sauƙin juyawa zuwa sukari, don haka shi mai masana'anta zai fara nema. Ranar da tirela ta tsaya ƙofar masu gari da kuɗi a hannu, mu da ke karɓar buhu biyar bashi sai an sayar da sa, wa zai saurare mu?

Na faɗa wa Baba haka, ya yi dariya ya ce to su zo su sayi abin da ake zubarwa daga tumbi a mayanka, shi kam kyauta ne.