Fentin Ruwa: Ƙaro, Launi Uku da Farar Takarda

Mai koyon zane da fentin ruwa yakan fara laluben farin fenti idan zai zana gajimare ko ƙyallin tafki. Gwanaye ba kasafai suke taɓa shi ba. Farinsu shi ne takardar kanta: inda ake son haske, sai a kewaye wurin a bar shi yadda yake.

Dalilin yana cikin haɗin fentin. Garin launi ne aka kwaɓa da ƙaro, ƙaron nan da ake tsinka a jikin dakwara a Sudan da Chadi da Borno da Yobe, wanda almajirai ke zubawa a tawada. Idan ruwa ya bushe, ƙaro ke riƙe garin a kan takarda, shimfiɗa siririya wadda haske ke ratsawa ya bugi fari ya dawo ido. Shi ya sa ake farawa da launi marar ƙarfi, a bari ya bushe, sannan a ɗora mai duhu. Kuma fentin yakan koɗe kaɗan in ya bushe, don haka kada jiƙaƙƙen launi ya ruɗi mutum.

Game da launuka kuwa, Isaac Newton ne ya jera guda bakwai a da'ira cikin littafinsa na 1704. Daga baya masu zane suka gina tasu a kan ja da rawaya da shuɗi. Ja da rawaya na ba da ruwan goro, rawaya da shuɗi kore, ja da shuɗi shunayya.

A ganina, abin da ya fi cancanta ɗalibi ya ɓata lokaci a kai shi ne kishiyoyin launi, wato masu fuskantar juna a da'irar: ja da kore, shuɗi da ruwan goro, rawaya da shunayya. Ajiye su gefe da gefe, kowanne sai ya ƙara fitowa, kamar jan tumatir cikin ganyensa. Cakuɗa su kuwa, sai su kashe juna su koma ruwan toka ko ruwan ƙasa. Nan asirin inuwa yake. Mai zana mangwaro rawaya, in ya ɗiga shunayya kaɗan a ɓangaren da rana ba ta bugawa, inuwar za ta fito da rai. Baƙi kuwa dusashe wurin yake yi.

Sauran aikin na ruwa ne. Buroshi a jiƙaƙƙiyar takarda na sa launi ya bazu ba iyaka, daidai da sararin sama. A busasshiya, gefen ya tsaya tsaf. Takardar auduga mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita ta fi jure jiƙawa ba tare da ta lanƙwashe ba.