Kalma Mai Haruffa 45 da Ƙurar da Ke Cikinta

Duk wanda ya taɓa zama da ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe, ko ya ji su suna muraja'a a zaurukan Tudun Wadar Gusau, ya san cewa abin da ya fi razana su a farkon karatu shi ne dogayen sunayen cututtuka, waɗanda harshe kan sarƙe a cikinsu tun kafin hankali ya kai ga ma'anarsu. Kalmar da ta fi shahara da tsawo a ƙamusun Turanci ita ce pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis, mai haruffa 45 da gaɓoɓi 19, wadda wani Ba'amurke, Everett Smith, ya ƙaga a shekarar 1935.

Alhali kuwa wanda ya bi ta makarantar allo, ya yi babbaƙu da farfaru kafin ya kai ga tattashiya, yana riƙe da mabuɗinta, domin sassa takwas ne aka harhaɗa daga Girkanci da Latinanci. Pneumono huhu ne, ultra abin da ya wuce kima, micro ƙanƙani, scopic gani, silico sinadarin yashi, volcano dutse mai aman wuta, coni ƙura, osis kuwa cuta. Wajen lafazi, harafin farko ba a furta shi, nauyin murya kuma yana sauka a kan gaɓar da ke kafin ta ƙarshe. Da yake gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, Bahaushe zai cusa wasali ya ce niyumono, altira, maikuro, sikofik, siliko, bolkeno, koni, osis, kamar yadda ya yi wa kalmar asibiti, kuma babu aibi a cikin haka muddin ma'ana ta tsira.

Ma'anar kuwa ba baƙuwa ba ce a Zamfara. Likitoci kan ce silicosis a taƙaice, wato ciwon huhu da ke kama mai shaƙar ƙurar dutse shekara da shekaru. Mu da muka shaida yadda gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum a 2010, sanadiyyar niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ya wajaba mu san cewa ƙurar nan tana da wata illa ta biyu mai tafiyar hawainiya. Ɗalibin da ya warware kalmar gaɓa-gaɓa, shi ne gobe zai iya zama da mai niƙan dutse ya ce masa: “Baba, a yayyafa ruwa, a rufe hanci.”